Koyon Busa Karin Waƙar Gargajiya da Okarina: Misali Daga Waƙar Arirang ta Koriya

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya zauna a ajin adabin baka ya saba ganin waƙa a kan takarda. A rubuto masa ɗiyanta, a fito da jigo, a yi bayanin salo da adon harshe, shi ke nan darasi ya ƙare. Sai dai akwai wani ɓangare na waƙa da ba ya hawa takarda ta wannan hanya, shi ne kari, wato hawa da saukar murya tare da tsawaitawa da gajartawar da ake yi mata. Da kari ne mutum kan gane waƙa daga nesa tun kafin kalmominta su iso kunnensa, da shi ne kuma uwa kan lallashi jaririn da bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Hanya ɗaya ta fahimtar kari ita ce a cire shi daga jikin kalmomi a ɗora shi a kan wani abin busa, domin a ji shi shi kaɗai.

Wannan babi zai bi diddigin yadda ake yin haka da wani ƙaramin abin busa mai suna okarina. Waƙar da za a yi misali da ita kuwa ita ce Arirang ta mutanen Koriya. Da gangan aka ɗauko waƙar ƙasa mai nisa, domin ɗalibin da ba ya jin harshen ba shi da abin riƙo sai karin. A cikin bayanin, idan an ce murya ana nufin matakin sauti guda ɗaya, kamar do ko re a jerin do-re-mi da ake koyarwa a firamare. Tazarar da ke tsakanin do da do na samansa kuwa za a kira ta zango.

2.0 Okarina da Asalinta

Okarina 'yar tukunya ce rufaffiya ta gasasshen yumɓu, mai baki ɗaya na busawa da ramuka da ake toshewa da yatsu. A yau ana yin ta da roba da katako ma. Wadda aka fi amfani da ita tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Da a cikin kayan kiɗan Hausa take, da za a jera ta ne da kayan busa irin su algaita da kakaki da farai da sarewa. A rabe-raben da Erich von Hornbostel da Curt Sachs suka yi wa kayan kiɗan duniya a 1914 tana cikin dangin sarewa, a rukunin waɗanda jikinsu tukunya ne ba bututu ba.

Irin wannan abin busa daɗaɗɗe ne. A ƙasar Sin an tono wani mai siffar ƙwai da ake kira shun, wanda masu binciken kayan tarihi suka kai shekarunsa kusan 7,000. Mutanen Maya da Aztek na tsakiyar nahiyar Amurka ma sun ƙera nasu da siffar tsuntsaye da dabbobi tun kafin zuwan Turawa. Amma okarina ta zamani, wadda aka daidaita muryoyinta da ma'aunin kiɗan Turai, aikin wani saurayi ne ɗan shekara 17 mai suna Giuseppe Donati, a garin Budrio kusa da Bolonya ta ƙasar Italiya, a shekarar 1853. Tasa tana da ramuka 10. Sunan ma daga can ya fito, ma'anarsa 'yar dinya, saboda kamar da ta yi da jikin wannan tsuntsuwa. Amurkawa kuwa da dankali suka ga ta yi kama, irin wanda a nan ake ce wa dankalin Hausa, sai suka laƙaba mata sunansa.

Gyare-gyare biyu ne suka biyo bayan Donati waɗanda suka shafi mai koyo. A Japan, Takashi Aketagawa ya fara ƙera okarina a 1928, daga aikinsa ne aka sami mai ramuka 12 da ta yaɗu a Japan da Koriya da Taiwan. A Ingila kuma John Taylor ya fito da wani tsari a 1964 na ramuka huɗu kacal masu faɗi daban-daban, wanda da shi ake samun zango guda cikakke. Wannan ta biyun ce ta shiga makarantun firamare a Birtaniya. Matasan duniya da yawa kuwa ba su san da okarina ba sai a 1998, lokacin da kamfanin Nintendo ya fitar da wasan kwamfuta mai suna The Legend of Zelda: Ocarina of Time, wanda jaruminsa ke busa ta.

3.0 Yadda Okarina Take Fitar da Sauti

Wannan sashe yana bukatar natsuwa, domin duk wahalar da mai koyo zai sha daga baya tushenta yana nan.

Sarewa bututu ce. Idan mabushi ya buɗe rami, ya gajarta tsawon iskar da ke kaɗawa a cikin bututun ke nan, sai murya ta hau. Saboda haka inda aka huda ramin shi ne muhimmi. Okarina ba haka take ba. Iskar da ke cikinta gaba ɗaya ce take matsewa tana sakewa, kamar yadda ake ji idan yaro ya hura bakin kwalbar lemo da babu komai a ciki. Idan ya zuba ruwa zuwa rabi ya sake hurawa, muryar za ta hau, domin gurbin iskar ya ragu. Haka kuma yaran da kan dunƙule tafukan hannu biyu su busa ta tsakanin manyan yatsu, suna ɗaga 'yan yatsun baya domin sauya murya, okarina suka yi da hannuwansu ba su sani ba. Masanin kimiyyar nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, shi ya yi bayanin wannan nau'in amsa-amo a littafinsa na 1863, har ma ana kiran sa da sunansa.

Abubuwa biyu ne ke yanke hukuncin muryar da za ta fito: girman cikin tukunyar da kuma jimillar faɗin ramukan da ke buɗe. Babban ciki yana ba da murya ta ƙasa. Idan aka ninka cikin sau huɗu, sauran abubuwa suna nan yadda suke, murya za ta sauka da zango guda. Ramuka kuwa, gwargwadon yawan abin da aka buɗe gwargwadon hawan murya, ko a ina ramin yake a jikin tukunyar. Wannan ne ya ba John Taylor damar yin abin da ya yi, domin ramuka huɗu masu faɗi daban-daban ana iya buɗe su a rufe su ta hanyoyi 16.

Daga wannan tsari ne halayen okarina biyu suka fito. Na farko, muryoyinta ƙididdigaggu ne. Mai sarewa kan ƙara ƙarfin busa ya tsallaka zuwa zango na gaba, mai okarina ba shi da wannan dama, in ya matsa sai ta yi ƙara kawai. Mai ramuka 12 da aka daidaita a kan C tana farawa ne daga A na ƙasa ta tsaya a F na sama, muryoyi 13 ke nan in ba a lissafa rabe-raben da ke tsakaninsu ba. Duk waƙar da ta fi wannan faɗi ba za ta shiga ba.

Hali na biyu shi ne mafi muhimmanci ga malami. Yatsu ba su ne kaɗai ke tsayar da murya ba, numfashi ma yana da hannu. Mutum zai iya toshe ramukan daidai, amma in ya busa da ƙarfi muryar ta haura inda ake so, in ya busa da rauni ta gaza, bambancin kuwa kan kai rabin mataki ko fiye. Bugu da ƙari, kowace murya da ƙarfin numfashin da take so: na ƙasa suna son iska a hankali, na sama suna son ƙari. Wanda ya danna maɓallin piyano zai sami muryar da aka ajiye masa ko kunnensa ya san ta ko bai san ta ba. Mai okarina dole ya san muryar da yake nema kafin ya same ta, domin kunnensa ne zai gaya wa huhunsa ya ƙara ko ya rage. Wasu na ganin wannan a matsayin aibin okarina. Ga mai koyar da waƙar baka kuwa shi ne babban amfaninta.

4.0 Waƙar Arirang

Arirang ba waƙa ɗaya ba ce, dangi ne na waƙoƙi. A bayanin da hukumar UNESCO ta yi lokacin da ta sanya ta cikin jerin al'adun duniya na gado a 2012 bisa bukatar Koriya ta Kudu, an ƙiyasta nau'o'inta kusan 60 da sauye-sauye kimanin 3,600. A 2014 an sake sanya ta da sunan Koriya ta Arewa. Yankunan Jeongseon da Jindo da Miryang kowanne yana da tasa. Zubinta ba zai zama baƙo ga ɗalibin waƙar baka ba: akwai amshi da kowa ya sani, sannan ga saɗaru biyu da mai rerawa kan sauya gwargwadon halin da yake ciki. Jigon da ya fi yawa shi ne rabuwa da kewa, da ƙetare wata mashigar dutse.

Wani Ba'amurke mai suna Homer Hulbert ya rubuta wani nau'inta da alamun kiɗan Turai a 1896. Amma nau'in da duniya ta fi sani, wanda shi za a yi aiki da shi a nan, ya yaɗu ne ta hanyar fim mai suna Arirang da Na Un-gyu ya fitar a 1926, lokacin Koriya tana ƙarƙashin mulkin mallakar Japan, wanda ya ɗauki daga 1910 zuwa 1945. Waƙar ta zama abin da mutanen ƙasar ke fake wa da shi su faɗi baƙin cikinsu. Bayan rabuwar ƙasar gida biyu ma ita ce ta rage musu ta tarayya. Da ita aka raka 'yan wasan Kudu da Arewa lokacin da suka shiga fili tare a bikin buɗe gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Ya kamata mai koyo ya san wannan, don kada ya busa ta kamar waƙar faretin 'yan makaranta.

Dalilin da ya sa ta dace da mafari a fili yake. An gina karinta a kan muryoyi biyar ne, kuma daga mafi ƙasƙanci zuwa mafi tsayi zango ɗaya ne cif. A okarina ta C muryoyin su ne C, D, F, G, A, sai kuma C na sama. Babu E, babu B, babu rabin mataki ko ɗaya. Muryar da karin ke sauka a kanta ya huta ita ce F. A yadda ake koyar da ita a makarantu, tana da saɗaru huɗu, kowace saɗara gida huɗu, kowane gida bugu uku, jimilla bugu 48.

5.0 Matakan Koyo

5.1 Kunne da Baki

Matakin farko ba a taɓa okarina. Ana sauraren waƙar ne daga bakin mawaƙan Koriya, sau da yawa, a kwanaki daban-daban, har ta zauna. Samun ta a yau ba wuya, wayar hannu ta isa. Daga nan sai mai koyo ya rera karin da bakinsa ba tare da kalmomi ba, da la-la ko da guɗa a hanci, yana tafa bugu uku-uku, na farko ya fi nauyi. Ma'aunin wucewa gaba shi ne ya iya rera ta daga farko zuwa ƙarshe shi kaɗai, kuma in aka tsayar da shi a tsakiya ya iya ci gaba.

Masu koyo da yawa kan tsallake wannan mataki domin akwai wata gajerar hanya mai ruɗi. Ana buga littattafai da shafukan intanet masu jerin hotunan okarina, kowane hoto an baƙanta ramukan da za a toshe an bar na buɗewa fari. Yaro zai iya bin hotunan ya fitar da wani abu cikin minti goma, malami ya yi murna. Amma hoton bai nuna tsawon murya ba, bai nuna ƙarfin numfashi ba, bai nuna inda za a shaƙi iska ba. Abin da ke fitowa jerin muryoyi ne masu tsawo ɗaya, wasu sun haura wasu sun gaza, mai busar kuma bai san sun kauce ba domin babu abin da yake auna su da shi a kansa. A wannan fage karin maganar da ke cewa gani ya kori ji ba ta aiki. Hotunan suna da amfani a matsayin tunatarwa ga wanda ya riga ya san karin, iyakarsu ke nan.

Tsarin da makaɗan Hausa suka gada ya san wannan tun da daɗewa. Yaron gidan kiɗa kan daɗe yana bin ubangidansa yana amshi kafin a ba shi dama ya ja waƙa, kuma a lokacin da zai fara taɓa kalangu ko kotso da gaske, kiɗan ya riga ya cika masa kunne.

5.2 Riƙo da Yatsu

Ana riƙe okarina mai ramuka 12 da hannu biyu, jikinta a gicciye, wutsiyarta tana duban dama. A sama akwai manyan ramuka takwas, huɗu ga kowane hannu, a ƙasa kuma biyu na manyan yatsu. Sauran biyun ƙanana ne na muryoyin da ke ƙasa da C, Arirang ba ta bukatar su, sai dai a kula kada yatsa ya zame ya toshe su. A ƙasan kuma akwai wata taga kusa da bakin busawa inda iska ke rabewa ta haifar da sauti. Wannan ba a toshe ta. Da tsokar yatsa ake rufe rami, ba da tsininsa ba, kuma ba a danna da ƙarfi. In ta yumɓu ce a rataya ta a wuya da igiya, domin faɗuwa ɗaya ta ishe ta.

A tsarin Japan, wanda shi ya fi yaɗuwa, idan aka rufe manyan ramuka goma duka ana samun C. A ɗaga ƙaramin yatsan dama, D ke nan. A ƙara ɗaga na zobe da na tsakiya, an zo F. A ɗaga manuni, hannun dama ya buɗe gaba ɗaya, G ke nan. Daga nan aiki ya koma hagu: ɗaga na zobe yana ba da A, ƙara ɗaga na tsakiya da manuni yana ba da C na sama. Ƙaramin yatsan hagu da manyan yatsu biyu ba sa motsi a duk tsawon waƙar, su ne ke riƙe da okarinar.

Mai lura zai ga wurare biyu da yatsu biyu ke tashi tare, wato daga D zuwa F da daga A zuwa C na sama. Nan ne gurbin E da B da waƙar ta tsallake. Idan yatsa ɗaya ya riga ɗan'uwansa ko da ƙiftawar ido ne, sai baƙuwar murya ta leƙo a tsakani, kunnen da ya san waƙar kuma zai ji ta nan take. Maganinsa shi ne a ware waɗannan wurare a yi ta maimaita su, hawa da sauka, a hankali.

5.3 Numfashi da Harshe

Ana ɗora bakin okarina a tsakanin leɓɓa, haƙora ba sa taɓa shi. Iska daga huhu take fitowa a miƙe, kumatu ba sa kumbura kamar na mai algaita. Aikin farko shi ne riƙe murya ɗaya na daƙiƙa takwas ko goma ba tare da ta yi rawa ba, ana gwada ta da wata murya tsayayya, ko ta piyano ko ta manhajar awon sauti da ake sa wa waya. A fara da G domin tana tsakiya, a sauka zuwa C, sannan a hau. C na ƙasa ita ce mai saurin tona asiri: rami ɗaya ya ɗan yi yoyo, sai ta fito a shaƙe ko ta haura.

Ilimin furuci yana da amfani a nan. Kowace murya da harshe ake buɗe ta, kamar mai shirin furta tu ko du ba tare da ya sa muryarsa ba. Ɗalibin tsarin sauti ya san /t/ da /d/ tsayau ne kuma bahanƙe: tsinin harshe ya tare iska a hanƙa, ta taru, ya sake ta gaba ɗaya. Wannan ne ke ba muryar okarina farko mai tsabta, kuma da mayar da harshe hanƙa ake yanke ta. Mafari kan busa da hu, alhali /h/ zuzau ne, iska tana silalowa ne sannu a hankali, sai murya ta fara daga ƙasa ta lallaɓo zuwa wurinta, a ƙarshe kuma ta zube. Tu ya fi kaifi, du ya fi laushi, waƙa mai sanyi irin Arirang ta fi son du. Ba a ce ɗu ba, domin /ɗ/ haɗiyau ne, maƙwallato kan yi ƙasa wajen furta shi, ba ya tura iskar da ake bukata.

Yanayi ma yana shiga lissafi. Gudun sauti a iska kimanin mita 343 ne a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20, kuma yana ƙaruwa da ƙaruwar zafi, murya tana hawa tare da shi. Bambancin digiri 10 kan motsa murya da kusan sulusin rabin mataki. Okarinar da ta yi daidai da safiyar hunturu za ta ɗan haura da azahar ɗin bazara, sai mabushi ya rage iska. In sanyi ne a ɗumama ta a tafin hannu kafin a fara. Haka kuma tururin numfashi kan taru a hanyar iska, musamman a ta roba, sai sauti ya dusashe. A toshe tagar da yatsa a busa da ƙarfi sau ɗaya, ruwan zai fita.

5.4 Haɗa Saɗaru

Kafin a fara haɗawa, a sa mai koyo ya gano maimaicin da ke cikin karin da kunnensa. Saɗara ta biyu da ta huɗu karinsu ɗaya ne. Rabin ƙarshe na saɗara ta uku kuma ya bi sawun rabin ƙarshe na ta farko. Ashe sabon abin da ke cikin rabin waƙar na biyu gida biyu ne kawai. Ɗalibin da ya gano haka da kansa ya koyi wani abu game da zubin waƙar baka gaba ɗaya, wato yadda take dogara da maimaici domin ta zauna a ƙwaƙwalwar mutanen da ba su rubuta ta ba.

Saɗara ta farko daga muryar ƙasa take tashi, ta hau a hankali, ta komo ƙasa ba tare da ta huta ba. Ta biyu ce ke sauka a kan F. Sai ga wurin da ya fi ko'ina wuya: saɗara ta uku tana buɗewa ne da C na sama. Daga F zuwa can yatsu huɗu ne za su tashi lokaci guda, ɗaya a dama uku a hagu, numfashi kuma ya ƙaru daidai wannan lokaci. Nan ne ƙololuwar waƙar, inda mawaƙi ke ɗaga murya, nan ne kuma mafari kan yi ƙara ko ya gaza. Wanda ya rera wannan tsalle da bakinsa sau ɗari yakan same shi da wuri, domin jikinsa ya san nisan.

A fara da bugu ɗaya a daƙiƙa ɗaya, waƙar ta ɗauki daƙiƙa 48. Mafari ya shaƙi iska bayan kowane gida biyu, in ya ƙware ya kai saɗara guda da numfashi ɗaya. Kada a yarda ya riƙa komawa farko duk lokacin da ya yi kuskure, domin mai yin haka kan ƙware a saɗara ta farko ya bar ta uku a gurguje.

6.0 Abin da Takarda ba ta Ɗauka

Wanda ya kai nan ya sami ƙashin waƙar, saura tsoka. Idan ya koma ya sake sauraren mawaƙan gargajiya zai ji abubuwan da bai ji ba da farko. Bugun asali da ake kira semachi uku ne, amma kowane bugu ya kasu uku a cikinsa, wannan ne ke ba waƙar wani rangaji da rubutun makaranta ya miƙar. Zai ji ana girgiza wasu muryoyi, ana zamewa daga wata zuwa wata, ana karya wata kafin a sauka. Koriyawa suna kiran waɗannan adon sigimsae, a wurinsu kuma ba ƙari ba ne, jikin waƙar ne.

Okarina ba kayan gargajiyar Koriya ba ce; nasu na yumɓu shi ne hun, ɗan'uwan shun na Sin, sarewarsu ta gora da ake koya wa yara kuwa danso. Duk da haka tana iya kwaikwayon wani abu daga adon. Ana samun girgiza ta hanyar kaɗa numfashi daga ciki, ana samun zamiya ta hanyar janye yatsa daga rami a hankali maimakon ɗaga shi. Sassaucin nan na murya da ya wahalar da mafari shi ne yanzu ya zama kayan aiki. Sharaɗin dai shi ne a iya tsayar da murya kafin a fara girgiza ta, in ba haka ba ba za a bambance ado da kuskure ba.

7.0 Idan Waƙar ta Hausa ce

Malamin da ya bi waɗannan matakai zai so ya gwada su da waƙar gaɗa ko ta daɓe ko ta raino daga garinsu. Hanyar ɗaya ce, sai dai babu rubutaccen kari da zai dogara da shi. Zai ɗauki muryar wadda ta iya waƙar, da izininta, ya saurara har ya iya rerawa. Sannan ya nemo murya mafi ƙasƙanci da mafi tsayi ya ga ko za su shiga faɗin okarinar, ya nemo wadda karin ke hutawa a kanta, ya cike sauran ɗaya bayan ɗaya. In waƙar ta ƙi shiga daga C, ya matsar da ita gaba ɗaya sama ko ƙasa. Zai iya tarar da wata murya ta faɗa tsakanin matakai biyu na okarinar. Kada ya ɗauka mai waƙar ce ta yi kuskure. Ma'aunin Turai aka bi wajen huda ramukan, ita kuwa ba da shi ta koya ba. Shi ne zai lanƙwasa muryarsa da numfashi ya same ta.

Akwai kuma abin da bai taso ba a Arirang saboda mai koyo ba ya jin kalmominta. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye sama-sama ne, kuka ta miya sama-ƙasa. Wuya na jiki sama-ƙasa ne, wuya ta wahala ƙasa-sama. Karin waƙar baka yakan yi la'akari da wannan, inda kalma ta sauka shi ma sau da yawa ya sauka, kuma nannauyar gaɓa takan ɗauki lokaci fiye da sassauƙa. Masu nazarin harshe sun daɗe suna sa mai magana ya yi fito da kalma domin su ji karinta ba tare da baƙi da wasali ba. Okarina tana yin wannan aiki a gaban aji: G da G ga kuka na farko, G da D ga na biyu, yara su faɗi wanne aka busa. Daga kalma a wuce zuwa saɗara guda ta waƙar da suka sani, a rubuta ta a allo da alamun karin sauti a kan kowace gaɓa, a busa ta, su nuna inda karin waƙa ya bi karin magana da inda ya saɓa masa.